Neman shawara: bot ya kama min gargaɗi a facin da na tura wa kernel

Sabon shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na tura ɗan faci (patch) na gyaran direba, wato lambar da ke sarrafa wata na'ura, zuwa kernel ɗin Linux. A kwamfutata ya haɗu lafiya lau, GCC, manhajar da ke haɗa lambar, ko tari bai yi ba. Washegari sai ga imel daga kernel test robot, bot ɗin kamfanin Intel mai gwada faci da kansa, wai facina ya jawo sabon gargaɗi a kan furosesa irin ARM mai bit 32, a layin da na buga size_t (nau'in adadi mai nuna girma) da alamar bugawa %lu. Ni ko na'urar ARM ba ni da ita. In share shi tunda gargaɗi ne kawai?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Kada ka kuskura, ƙanina. Bot ɗin ba ya ɗora wa mutum laifin wani: layin da ya sa wa alamar >> shi ne sabo, kuma naka ne. A x86_64, irin furosesan kwamfutarka, size_t daidai yake da unsigned long, wanda %lu ke nema, shi ya sa ba ka ga komai ba. A ARM mai bit 32 kuwa unsigned int ne. Mayar da shi %zu, magana ta ƙare. Batun "gargaɗi ne kawai" kuma, tun da Linus Torvalds ya shigo da CONFIG_WERROR, zaɓin da ke mayar da gargaɗi kuskure, a kernel 5.15, shekarar 2021, duk mai haɗa allmodconfig (saitin da ke kunna kusan komai) gargaɗi ɗaya ya isa ya tsayar masa da aiki cak. Masu kula da sassan kernel ba sa wasa da wannan.

'Yar direbobi: Malam, ba sai ka mallaki na'urar ba, haɗawa kawai za ka yi. Sauke fayil ɗin config da ke cikin imel ɗin, ka sa ARCH=arm da CROSS_COMPILE=arm-linux-gnueabi- da W=1. Kuma ka haɗa folda ɗin direbanka kaɗai, kar batir ya mutu kana jiran kernel gaba ɗaya.

Sabon shiga: Na gode, Allah ya saka. Gargaɗin ya fito, na gyara. To layin Reported-by, mai nuna wanda ya kai rahoton matsalar, da bot ɗin ya nema in saka fa?

Tsohon hannu: Sai in an riga an karɓi facin, gyaran ya zo daban. Kai v2, wato sigar facin ta biyu, za ka tura, don haka kada ka saka shi. Rubuta abin da ya canja a ƙarƙashin layin ---, ka ƙara --base a git format-patch don bot ya san reshen da zai gwada a kai.