Idan oga yana zaune a zauren bita, yaya kuke sa ƙananan ma'aikata su buɗe baki?

Mai tambaya, Garki: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba ni jagorancin bitar tsara aiki ta kwana biyu a wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse. Darakta ya ce zai zauna har a tashi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya ba mu labari.

Hajiya, Gwarinpa: Wa alaikumus salam. Na gani da idona. Muka zo kan jadawalin Gantt, wanda ke nuna tsawon lokacin da kowane aiki zai ɗauka, na tambaya wata nawa haƙa da sa famfo za su ci. Oga ya ce uku. Zaure ya yi tsit, sai "haka ne ranka ya daɗe" kake ji. Lokacin shan shayi injiniyansu ya ja ni gefe, ya ce takardar biyan ɗan kwangila kaɗai sai ta yi wata guda tana yawo daga tebur zuwa tebur. Da muka dawo na raba 'yan takardu masu mannewa, na ce kowa ya rubuta nasa lissafin ba suna, ya liƙa a bango. Ko mutum ɗaya bai rubuta uku ba. Oga ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya ce a kira masa akanta.

Malam, Bukuru: Hajiya, dabararki tana ci, amma a ƙaramin ofis kowa ya san rubutun kowa. Ni tun ana gobe bita nake zuwa wurin ogan, in roƙe shi ya buɗe taro ya tafi, ya dawo bayan la'asar a gabatar masa. Yana fita nake raba su rukuni-rukuni, direbobi da mai sito a teburi ɗaya. Su ne suka ce mana a watan Agusta babbar mota ba ta shiga wasu ƙauyukan Filato saboda ruwa. Manajoji sun tsara kai kaya a wannan watan, ba su ma lura ba.

'Yar'uwa, Kubwa: A bambanta aji da bita. Sa'o'i 35 na horo da PMI, wato cibiyar masu gudanar da ayyuka, ke buƙata kafin jarrabawarta ta shaidar ƙwarewa, PMP, karatu ne, can ka cika su da majigi. A bita kuwa, in muryarka ta fi tasu yawa, ka ɓata musu kuɗin zaure. Kuma kada ka sa ƙarfe takwas, mutanen Mararaba da Nyanya suna cikin cunkoso. Alawus sai an tashi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Malam, na gwada roƙonsa ɗazu, ya ƙi.

Malam, Bukuru: To, ba shi aiki. Ka ce shi ne zai yi magana ta ƙarshe a kowane zama, kuma ka faɗi haka gaban kowa tun da safe. Zai ɗauke shi girmamawa, su kuma sun riga sun faɗi nasu.