Ruwa ya tashi gida 500: me za a fara rabawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A ce guguwa ta zo da ambaliya, gida kamar 500 sun koma makarantu, babu wuta, hanyar mota ɗaya ta rage, kuma an tara gudummawar kuɗi. A sayo buhunan hatsi nan take, ko akwai abin da ya kamata ya riga su? Nawa ake lissafa wa mutum ɗaya?

Ma'ajin sito:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka fara da ɗanyen hatsi. Wanda ruwa ya tafi da tukunyarsa, makamashinsa ya jiƙe, buhu a wurinsa kaya ne kawai. Kwana ukun farko sai abin da ake ci ba dahuwa: biskit ɗin agaji, wanda giram 100 ke ba da kalori kusan 450, da abincin gwangwani. Ko a girka babbar tukunya a dafa wa kowa, a ci da zafinsa.

In murhu ya samu, ma'aunin Sphere, wato ƙa'idojin da ƙungiyoyin agaji na duniya ke bi, kalori 2,100 ne ga mutum a rana. Rabon da aka saba: hatsi giram 400, wake ko danginsa 60, garin da aka ƙara wa sinadaran gina jiki 50, mai 25, sukari 15, gishiri mai aidin 5. In kowane gida mutum biyar ne, kana da mutum 2,500. Hatsin wata ɗaya tan 30 ke nan, wato buhu 600 mai kilo 50. Wake buhu 90. Mai kilo 1,875. Mai ne aka fi tsukewa saboda tsada, alhali shi ke ɗauke da kuzari mai yawa a kaya kaɗan.

Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango, a jera shi kan katako. Wanda ruwan ambaliya ya taɓa ya tashi daga abinci. Shanya ba ta gyara shi, domin ruwan ya haɗu da na masai, ga fumfuna a gaba.

Jami'ar lafiya:
Ma'aji ya yi daidai, amma ruwa ya riga biskit. Bayan guguwar Idai a 2019, kwalara ce ta biyo baya a Beira ta ƙasar Mozambik. A nemi lita 15 ga mutum a rana, sha da girki da wanka. Ƙwayar kulorin ta tsabtace ruwa tana son minti 30 kafin a sha, kuma in ruwan ya yi dauɗa sai an bari ya kwanta an tace, in ba haka ba dattin ya cinye maganin.

Don Allah kada a sa madarar gari cikin rabon kowa da kowa. Za a dama ta da gurɓataccen ruwa, jariri ya kama gudawa, nonon uwa kuma ya ragu. A ciyar da mai shayarwa, ta ci gaba da shayarwa. Yara 'yan wata 6 zuwa 59 a auna kaurin damtsensu don gano tamowa. Ƙasa da santimita 11.5, ko kumburin ƙafa biyu, a kai asibiti ranar.

Mai kula da rabo:
Hajiya ta gama magana kan yara. Ni ban yarda a raba na wata ɗaya lokaci guda ba. Gida mai mutum biyar zai tashi da sama da kilo 80, wa zai ɗauka cikin taɓo, ina zai ajiye a aji? A raba na mako biyu. A yi rajista tukuna, kowane gida da kati, ƙofar shiga daban da ta fita, tsofaffi da masu ciki a gaba. In kasuwa ta farfaɗo kuma kaya na shigowa, raba kuɗi ya fi raba buhu. In hanya a yanke take, raba kuɗi farashi kawai zai tayar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Gwangwanayen da ruwa ya shafa fa?

Ma'ajin sito:
Wanda bai kumbura ba, bai lotsa ba, bai yi tsatsa ba, a cire takardarsa, a wanke da sabulu, a jiƙa cikin ruwan da aka sa wa bilic minti 15, a rubuta sunan abin da ke ciki. Kwalba mai marfin murɗawa da abin da ke cikin kwali, a zubar.