Wata uku ina bin koren haske, ashe ban iya aikin ba

Ɗan Kurna:
Salam 'yan uwa. Ina aiki a wata masana'anta a Jamus, muna haɗa akwatunan wuta na injina. A saman teburina an rataye majigi da kyamara. Majigin zai haska kore a kan kwandon da zan ɗauki noti, sannan ya zana da'ira daidai ramin da zan ɗaura shi. In hannuna ya kauce zuwa wani kwandon, sai ja ya fito har da ƙara. Abin ɗaurin ma yana auna ƙarfi, in notin bai ɗauru sosai ba allon ba ya wucewa gaba.

Jiya majigin ya mutu. Wallahi na tsaya cak kamar makahon da ɗan jagora ya gudu ya bari. Na rasa wayar da ake fara sawa, ja ce ko shuɗiya. Wata dattijuwa Baturkiya da ke gefena ta gama akwati biyu da ka, tana yi tana hira. Shin abin nan koya min yake, ko kora ni kawai yake kamar jaki?

Baban Walid:
Ɗana, ba don kai aka rataye shi ba, don kada kaya su dawo daga mai saye ne. Mu a gareji sai ka kwance kafireto sau goma kafin oga ya yarda da kai. Ka riƙa faɗin mataki na gaba a zuci kafin hasken ya nuna.

Injiniya_Zinder:
Daga irin teburinka wannan fasahar ta nuna wa ma'aikaci umarni a kan abin da yake haɗawa ta faro. A Boeing, kamfanin ƙera jiragen sama, wajen 1990, Tom Caudell da abokin aikinsa suka nemi hanyar nuna wa ma'aikata inda wayoyin jirgi za su bi a kan allo, ta gilashin da ake sawa a kai. Gara ma kai majigi ne. Na gwada HoloLens 2, irin wannan gilashin na kamfanin Microsoft, ya haura rabin kilo, batirinsa awa biyu zuwa uku, goshi ya jiƙe sharkaf. Ka tambaya ko za a iya rage maka umarnin, wasu manhajojin suna da matakin ƙwararru.

Ɗan Kurna:
Baba na gode, yau na gwada, sau huɗu na riga hasken. Injiniya, na tambayi shugaban layinmu, ya ce sai na cika wata shida. Dattijuwar dai ta ce in zo da littafi ranar Litinin.