Wa ya taɓa zuwa sujada a gidan yari nan Legas?

Uwar Zumunta, Agege: Salama 'yan'uwa. Zumuntar matanmu muna shirin kai ziyara Kirikiri watan gobe, kuma gaskiya ba wadda ta taɓa taka ƙofar gidan yari a cikinmu. Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya faɗa mana yadda abin yake.

Dattijo daga Obalende: Mama, Kirikiri ai gida uku ne, akwai babba na masu manyan laifi, da matsakaici, da na mata, sai ku san wanda za ku. Ku fara kai wasiƙar ikilisiya a ba ku rana, ku tafi da katin shaida, waya kuwa a ƙofa za ku bar ta. Ni Ikoyi na fi zuwa. Tun 2019 aka mai da sunan gidan gyaran hali amma har yau bakina kurkuku yake cewa.

Ɗan acaɓa a da: Bari in faɗa muku daga ciki, don ni na yi wata goma sha ɗaya ina jiran shari'a a wani gida da ba zan kama suna ba. Kada ku ɗauka ku za ku kai musu Yesu, coci na nan a ciki da fastonsu da 'yan waƙa da masu karɓar baiko duk fursunoni, asuba ma a ɗaki ake addu'a kafin gandiroba ya buɗe ƙofa. Ni dai ba zan yi ƙarya ba sabulu da garin rogo suka fara kai ni sujada. Matsalata ɗaya komai da Turanci ne ko Yarbanci, in zauna kamar kurma ina tafa hannu in an tafa, sai ran nan wata tsohuwa cikin baƙin da suka zo ziyara ta ji ana kirana aboki, ta juyo ta ce ɗana kai ɗan ina ne, na ce Tafawa Ɓalewa, kawai ta ɗauko waƙar da muke yi a gida tun ina yaro. Kuka na yi a gaban maza. Ita ta kira yayana, wata bakwai suna zaton na mutu.

Malamar makaranta, Mile 12: Wannan na karɓar lambar waya a kira musu gida gaskiya ne. Mu da muka je, har 'yan'uwanmu Musulmi da suka ji Hausa sun matso suna roƙon a sanar da gida. Ku tambayi jami'ai tukuna, in sun yarda ku rubuta. Kuma bangaren mata audugar mata ta fi shinkafa daraja.

Dattijo daga Obalende: Ni abin da ke damuna, mu yi wa'azin Bulus da Sila a kurkuku mu raba biredi mu tafi, alhali yawancinsu ba a ma yanke musu hukunci ba, wani tara ce 'yar kaɗan ta riƙe shi. In kuna da lauya a ikilisiya ku ja shi ku tafi tare.

Uwar Zumunta, Agege: Baba mun gode, muna da ɗaya, mijin ma'ajinmu ne, ba zai kuɓuce mana ba. Ɗana na Tafawa Ɓalewa, wace waƙa ce tsohuwar ta yi? Mu koya kafin ranar.