Bikin da aka girke burukutu: mai bi ya je ko kada ya je?

Mai Bishara: Salama gare ku. Matsayina ke nan: wanda aka yi wa baftisma ba shi da abin yi a bikin da aka girke tukwanen burukutu, ko da na ɗan'uwansa ne ciki ɗaya. In ya je, dattawa su sa shi a horo. 2 Korintiyawa 6:17 ta ce mu fito daga cikinsu mu keɓe. Wanda ake miƙa wa ƙwarya ya ƙi yau, ya ƙi gobe, jibi zai kurɓa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Malamin Baibul: Ɗan'uwa, koma aya ta 16, za ka ga zancen gumaka da haikalin Allah ake yi. Bulus da kansa ya warware wannan a 1 Korintiyawa 5:9-11. Ya ce ba marasa bi yake nufin a ƙaurace wa ba, don in haka ne sai dai mutum ya bar duniya ɗungum. Wanda aka hana ci da shi shi ne mai kiran kansa ɗan'uwa alhali mashayi ne ko fasiki. A 10:27-28 kuma ya ce in marar bi ya gayyace ka kana so ka je, ka ci abin da aka ajiye maka ba tambaya. Amma da zarar an ce wannan na hadayar gumaka ne, ka janye hannu. Abu uku ne kake haɗawa wuri ɗaya: zama, sha, da tsafi.

Mama Zumunta: Ku maza ranar biki kawai kuke gani. Giyar nan ba a yinta a yini ɗaya. A jiƙa dawa, a baza ta ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa. Kusan mako ake yi, kuma matan gida ake kira aikin. Nan ne gwajin yake: a ce kowace mace ta kawo mudu biyu na dawa da damin itace. Kin ba da dawa, kin yi giya ko ba ki ɗanɗana ba. Shawarar da muke ba mata ita ce su kai shinkafa ko man ja, su ɗauki aikin tuwo da miya, su kuma kawo kunun zaƙi da zoɓo don masu bi su sami abin riƙewa a hannu. Kunun a dama shi da safiyar ranar. In ya kwana biyu a zafi ya fara tashi, kin koma gidan jiya.

Shugaban Matasa: Baba Fasto, a yi mana gaskiya. A bikin aure na Kana, inda Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi, randunan dutse shida ne, kowace tana cin lita 80 zuwa 120, kuma Yesu bai juya baya ya tafi ba. Afisawa 5:18 buguwa ta hana.

Fasto: Ɗana, ban musa ba. Hana sha kwata-kwata a ikkilisiyoyi irin ECWA, wadda ta fito daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) aka kafa ta a 1954, ƙa'idar kiwon garke ce, kuma tana da tushe a Romawa 14:21: kada ka sha abin da zai sa ɗan'uwanka tuntuɓe. Dubi wanda ya tuba wata uku da suka wuce, da dawar gidansa ke ƙarewa a tukunya kafin damina. Ya gan ka da ƙwarya, me za ka ce masa? Maƙwabtanmu Musulmi ma giya haram ce a wurinsu, kuma suna kallonmu.

Dattijo: Ni horon ne ya dame ni. Matiyu 18:15-17 ta jera matakai: ka same shi ku biyu, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe ikkilisiya. Mu kuwa sai mu fara daga ƙarshe. Ran Lahadi a yi sanarwa, a mai da shi bencin baya, a hana shi Jibin Ubangiji, ba a faɗi wata nawa ba, ba kuma wanda aka ɗora wa ziyararsa. Wata shida ba mai leƙa shi sai abokan gidan giya, su kuwa ba sa fashin gaisuwa. Haka muke rasa su. 2 Korintiyawa 2:6-8 ta ce in horo ya isa a yafe, a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Kuma a tabbatar da laifi tukuna: ya sha, ko an dai gan shi a wurin?

Mai Bishara: Na karɓi gyaran Dattijo, ba za a hori mutum don zuwa kaɗai ba. Amma Malam, a ƙauyuka da yawa kafin kowa ya sha, babban gida yakan zuba ƙwaryar farko a ƙasa ya kira sunayen kakanni. Mai bi yana zaune a da'irar. Wannan zama ne ko tsafi?

Malamin Baibul: Nan kam ina tare da kai, 1 Korintiyawa 10:28 ke nan. Ya tashi kafin a zuba, ba bayan an zuba ba. Kuma ya gaya wa babban gida tun kwana biyu kafin biki, a keɓe, don kada tashinsa ya zama cin fuska a gaban baƙi.

Fasto: Ya kuma tafi da wani mai bi, kada ya je shi kaɗai. Su zo da rana, su yi gaisuwa, su ci abinci, su ba da gudummawa, su kama hanya kafin duhu.

Mama Zumunta: Baba Fasto, wannan na baƙo ne. Matar da aka aura a gidan fa, wadda ɗakinta ke kallon murhun? Ina za ta kama hanya ta je?