Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan koyon Turancin yau da kullum

'Yan uwa, magana ta yi tsawo, ga abin da na tattaro:

1. Kusan kowa ya yarda cewa haddace jerin kalmomi ba ya zama a kai. A riƙe kalma tare da jimlar da aka ji ta a ciki, a rubuta a ɗan littafi, a yi amfani da ita ranar.

2. Salon maganar Turawa ba a fassara shi kalma-kalma. Wanda ya ce "piece of cake" yana nufin abu mai sauƙi ne. Masu shirin WAEC da JAMB sun jaddada wannan, domin ana tambayar irinsa a jarrabawa.

3. Sauraro: an fi ambaton BBC Learning English, sai VOA Learning English, inda ake magana a hankali da kalmomi kusan 1,500. Mai fara koyo ya fi jin daɗin na biyun.

4. A nan aka rabu. Wasu sun ce ƙamus na Turanci zalla ya fi, wasu suka ce ma'ana da Hausa ce ke zaunar da kalma. Ni ina ganin mai farawa ya nemi ma'ana da Hausa tukuna, in ya yi ƙarfi ya koma na Turanci. Haka aka yi saɓani kan kallon fim da rubutu a ƙasa.

5. An kuma ja hankali cewa "go-slow" na cunkoson motoci namu ne na Najeriya; a Ingila yana nufin ma'aikata su rage saurin aiki da gangan.

6. Kunya ce babbar matsala. A samu abokin hira, ko ta WhatsApp ne.