Kwance injin gudu na gida: abin da aka tattauna

An tattauna yadda za a kwance injin gudu, wato na'urar da ake gudu a kanta don motsa jiki, idan za a ɗauke shi zuwa wani wuri. Na bi bayanan da aka yi, ga abin da na tsinta:

1. Kowa ya yarda a fara saukar da gangaren injin zuwa sifili tun da wuta, sannan a kashe, a zare filogi, a cire makullin tsaro.

2. Allon sarrafawa ake fara cirewa. Wayarsa ta bi ta cikin ƙarfen da ke riƙe da allon ne, don haka a ɗauki hotonta, a raba mahaɗin a hankali. Masu gyara sun ce nan aka fi yin ɓarna, domin finciko ɗaya ya isa ya tsinka ta. Mutum biyu ake so, ɗaya ya tallabe allon.

3. Notuka a leda, a rubuta inda kowanne ya fito.

4. Injin da ake naɗewa yana da shoka a ƙasa, tana iya wuntsilo katakon da ake gudu a kai sama. A ɗaure shi da igiya.

An rabu kan bel ɗin da ake takawa da injin ciki mai juya shi. Wasu sun ce a cire don rage nauyi, mafi yawa sun ce a bari, saita bel daga baya wahala ce. Ni ma da masu cewa a bari nake, sai in ƙofa ta yi ƙunci.